Diary of a Wimpy Kid: littafin ban dariya da ke buƙatar yaro mai lura

Jeff Kinney ne ya rubuta wannan littafi kuma ya zana hotunansa. Ya fara fitowa a shafin intanet na Funbrain a 2004, aka buga shi a Amurka a 2007. Da Turanci yake, shafi ɗari biyu da 'yan kai, haruffan kamar rubutun hannu a kan layukan littafin makaranta, kusan kowane shafi da zane. Yaron da karatu bai dame shi ba ma yakan cinye shi cikin kwana biyu ko uku.

Greg Heffley ne ke ba da labarin shekararsa ta makaranta, daga Satumba zuwa Yuni, tare da amininsa Rowley Jefferson. Ƙarfin littafin shi ne Greg ba abokin kirki ba ne, kuma bai san haka ba. Dubi abin da ya faru da aka ba su aikin raka ƙananan yara gida. Ranar da Rowley bai samu zuwa ba, Greg ya ari rigar sanyinsa, ya ɗauko tana a kan tsinke yana korar yaran da ita. Wata mata ta hango, ta ɗauka Rowley ne, aka dakatar da shi daga aikin. Greg ya ja bakinsa ya yi shiru, har yana yaba wa kansa cewa ya yi daidai. Mai karatu na dariya, amma yana jin zafin abin a madadin Rowley, kuma marubucin bai tsaya yin wa'azi ba.

A nan ne kuma matsalar take. Ana sayar da littafin ga 'yan shekara 8 zuwa 12, amma ɗan shekara takwas yakan ɗauki maganar Greg a matsayin gaskiya, ya koyi raina aboki da yi wa iyaye dabara. A ganina daga shekara 10 ko 11 ya fi dacewa. Idan yaron bai kai haka ba, a karanta tare, a tsaya bayan labarin tanar a tambaye shi: da kai ne Rowley, me za ka yi? Amsarsa za ta nuna ko ya gane.

Turancin mai sauƙi ne, sai dai al'adun Amurka sun cika shi, kamar bikin Halowin da yara ke bin gidaje neman alewa. Wannan na buƙatar ɗan bayani. Camfin cukun da ya ruɓe a filin wasa, wanda duk ya taɓa shi ake gudunsa, kowane ɗalibi zai gane shi nan take. 'Yan mata kuwa ba su da wani rawar kirki a ciki, kuma wannan naƙasu ne.

Wannan shi ne na farko a jerin littattafan Greg, amma wanda rikicin abota ya fi damunsa ba sai ya bi jerin duka ba. Bayan na farko, ya nemi na biyar, The Ugly Truth na 2010, kan balaga da ɓatawar abokan biyu, sai na takwas, Hard Luck na 2013, inda Rowley ya yi budurwa ya bar Greg shi kaɗai. Idan za a riƙa ara wa juna a aji, a sayi mai bango mai kauri, don mai laushin yakan saki shafuka da wuri.