Dikoda mai rikodin: abin da ta ɗauka, da abin da ya ƙi buɗuwa a laftof

Duk wanda zai sayi dikoda mai maɓallin rikodin da niyyar ya riƙa kwashe shirye-shirye yana kallo a laftof, ko ya tura wa mutanen gida a waya, to ya tsaya ya yi tambaya ɗaya kafin ya ciro kuɗi daga aljihu: abin da take ɗauka a buɗe yake ko a kulle? Na yi amfani da iri biyu a gidanmu da ke wani ƙauye a yankin Ringim, ɗaya ta biyan wata mai kati, ɗaya ta tashoshin kyauta. Dukkansu an rubuta a jikin kwalinsu cewa suna ɗaukar shiri, kuma gaskiya ne suna ɗauka. Amma ɗaya ce kaɗai take ba ka abin da za ka iya fita da shi daga falo.

Dalilin da ya sa na damu da wannan shi ne Inna. Tana son tarawihin Makka ƙwarai, ga shi Makka tana gaba da mu da awa biyu, saboda haka lokacin da liman yake tayar da salla a Harami mu nan ana ta hidimar shan ruwa, kowa hannunsa na kan kofin kunu. Kafin gida ya natsu an yi nisa. Talabijin ɗinmu ɗaya ne, yana falo, batirin solarmu kuma ba ya riƙe shi zuwa tsakar dare. Laftof ɗin da nake aikin makaranta da shi kuwa idan na cika shi da rana zai kai ta har ta yi barci, a ɗakinta, a kan tabarmarta, ba sai ta tako tsakar gida da ciwon gwiwa ba. Buƙatar ke nan gaba ɗaya. Ƙanena kuma yana da tasa buƙatar, ta ƙwallo, idan aiki ya riƙe shi a gona ko kasuwa.

Bari in fara da ta biyan wata, in kuma ba ta haƙƙinta. Hotonta tsaf yake, rimot ɗinta ba ya wahalarwa, kuma jadawalin shirye-shirye yana fitowa a allo, sai dai ka zaɓi abin da kake so ka ce ta ɗauka. Ko kana kallo kira ya shigo, za ka iya tsayar da hoton ka dawo ka ci gaba daga inda ka tsaya. A kan talabijin ban taɓa samun matsala da abin da ta ɗauka ba.

Matsalar ta fito ne da na zare filashin na soka a laftof. Fayilolin suna nan, ga sunan tasha, ga kwanan wata, ga nauyinsu, wani ya kusa giga huɗu, kusa da shi kuma wasu ƙananan fayiloli da dikodar take lissafin wurin tsayawa da su. Na buɗe babban da VLC, manhajar nan ta kyauta mai tambarin mazugi ruwan lemo wadda da wuya a sami bidiyon da ya gagare ta. Allo ya yi baƙi ƙirin, babu sauti, agogon ƙasa yana kan sifili bai motsa ba. Babu ma saƙon da zai ce maka ga abin da ya faru. Wannan shirun ya fi komai ɓata wa mutum lokaci, domin zai ɗauka laifin laftof ne ko na filashi, ya yi ta canje-canje. Har tashar Harami, wadda kyauta ake watsa ta a setalayit, da na ɗauke ta ta cikin wannan dikodar a kulle ta fito.

Wani mai gyaran rediyo da talabijin a Ringim, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, shi ya fara gaya mini gaskiyar lamarin. Ya juya filashin a hannu ya miƙo mini ya ce, "Malam, kada ka wahalar da kanka. Ko dikoda irinta sak ka kawo, kamfani ɗaya, kwali ɗaya, ba za ta buɗe maka ba. Wadda ta ɗauka ita kaɗai ta san shi." Na ce, "Baba, ko da katina na sa a ciki?" Ya ce ko da katin. Maƙwabcinmu yana da irin tawa, muka gwada a tasa, ta nuna sunayen shirye-shiryen amma ta ƙi kunna ko ɗaya.

Yadda abin yake aiki ba wani sihiri ba ne. Hoto da sauti suna saukowa daga setalayit ne a cikin ƙananan ƙunshi masu bin juna, kowane ɗaya bayit 188, kuma irin wannan jerin ne ake adanawa a fayil mai ƙarewa da .ts. Kowane ƙunshi yana da ɗan kai da ke faɗin na wace tasha ne, hoto ne ko sauti, sannan kayan da ke ciki. Kamfanonin biyan wata suna barin kan a buɗe su hargitsa na cikin, mabuɗin kuma yana sauyawa bayan 'yan daƙiƙoƙi kaɗan, kati ne yake ba dikoda sabo muddin ka biya. Idan ka danna rikodin, dikodar ba ta ajiye maka buɗaɗɗen hoton da kake gani a allo. Sake kulle shi take yi da wani mabuɗin da aka dasa a cikin ƙwaƙwalwarta tun daga masana'anta, wanda babu irinsa a wata dikodar. Shi ya sa kwamfuta take ganin fayil, take ganin nauyinsa, wani lokaci har ta gane cewa bidiyo ne, amma ta kasa fitar da komai. Kamar akwatin ƙarfe ne da aka ba ka ajiya: kana jin nauyinsa, ga suna a jiki, ga kwaɗo, mabuɗin kuwa yana hannun mai shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a nan ba laftof ba ne ma. Mu da muke ƙauye mun san abin da damina take yi wa kayan wuta. Tsawa ɗaya ta bi wayar kwanon setalayit, ko wuta ta dawo da ƙarfi, dikoda ta ƙone, to duk abin da ka tara ya tafi tare da ita, alhali filashin lafiyarsa ƙalau yana hannunka. Tawa kuma idan kuɗin wata ya ƙare, har abin da na ɗauka lokacin da nake biye ba ta kunnawa sai na sake biya. Na fahimci dalilin kamfanonin. Kuɗi masu yawa suke zubawa su sayi izinin nuna ƙwallo da fina-finai, kuma da a buɗe suke bari, washegari za ka tarar da komai a rumfunan masu tura fim a waya. Ba na jayayya da wannan. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne ba a faɗa wa mai saye. A jikin kwali an rubuta tana ɗaukar shiri, mai shago ya nanata maka, babu wanda ya ce jinkirta kallo kawai take ba ka, ba kwafi ba. Mutumin da ya sayar da buhun gero ya sayi kaya ya cancanci a gaya masa wannan da Hausa kafin ya biya.

Akwai abubuwan da mutane suke gwadawa, kuma zan gajarta domin duk ba sa aiki. Canza ƙarshen sunan fayil daga .ts zuwa .mp4 ba ya taɓa abin da ke ciki. Manhajojin sauya bidiyo sai sun iya karanta hoto kafin su sauya shi, nan kuwa babu abin karantawa. Waɗanda ake tallatawa a intanet cewa suna fasa rikodin ɗin kowace dikoda, ina roƙon kowa ya nisance su: mabuɗin ba ya cikin fayil balle manhaja ta tono shi, kuma ta irin wannan ƙofa ce bairos yake shiga kwamfuta. Ga kuma doka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta hana karya irin wannan makullin da aka sa don kare aiki.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci ga masu amfani da babban faifan ajiya maimakon filashi: wasu dikododin suna tsara faifan da irin tsarin da Windows bai sani ba. Da ka soka shi a kwamfuta sai wani ɗan akwati ya fito yana tambaya ko a yi fomatin ɗinsa. Kada ka amsa da e. Idan ka yarda, komai ya goge, ko ka mayar da shi dikodar ba za ka sami komai ba.

Hanya ɗaya da na ga ta fitar da hoto ita ce ta wayoyin nan uku, rawaya da fara da ja. Akwai wata 'yar na'ura mai kan USB da ake soka su a ciki, dikoda tana kunna shiri, laftof yana ɗaukar abin da ke fitowa. Na aro ta na gwada, ban kuma ga abin yabo ba. Shirin awa biyu sai ka zauna awa biyu, dikoda da laftof duk suna shan batiri lokaci guda, hoton ya dusashe, rubutun ayoyin da ke ƙasan allo da ƙyar ake karanta shi, can gaba kuma sauti ya fara riga baki. Ta wayar HDMI kuwa akwai wani makullin daban da ake kira HDCP, allo baƙi kawai za ka samu. Kuma ko ta wace hanya ce, abin da kamfani ya kulle ba na rabawa ba ne.

Ta tashoshin kyauta ita ce ta biya mini buƙata, kuma ta fi arha nesa ba kusa ba, ga shi babu kuɗin wata. Tunda tashoshin da take kamawa a buɗe suke saukowa, a buɗe take ajiye su. Na ɗauki tarawihi, na zare filashi, na soka a laftof, VLC ta buɗe shi nan take, hoto da sauti kamar yadda suka fito a talabijin, domin ba ta rage komai, abin da ya sauko shi take zubawa. Daren farko da na ajiye wa Inna laftof ɗin a kan kujera 'yar tsugunno, ta ce in ƙara mata sauti, ta gyara mayafi tana bin karatun a hankali. Da aka kai ruku'u ta ce, "Tsayar mini, in yi alwala in dawo." Na nuna mata dogon maɓallin ƙasa, tun daga nan ita take tsayarwa da kanta. Tashoshin wa'azi na Hausa da ke kan setalayit ma haka, tafsirin da aka yi da la'asar ana iya saurarensa bayan isha'i. Tunda akwai VLC ta waya, ta Xender nake tura wa ƙanwata nata.

Ita ma tana da halinta. Tsarin FAT32 da yawancin filashi suke zuwa da shi ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga huɗu, don haka dogon shiri sai ta yanka shi gida-gida, ka riƙa buɗe su bi da bi. Tasha mai hoto na yau da kullum tana cin wajen giga ɗaya da wani abu a awa, mai hoto HD kuwa ta ninka haka. Filashi mai arha shi ne babban abokin gaba: wani ba ya rubutu da sauri, hoto ya riƙa tsalle, wani kuma an rubuta masa girman da bai kai ba, sai ya cika ya fara cinye na farko. Agogonta daga setalayit take ɗauka, idan ba ka saita shi a kan GMT+1 ba, za ka sa ta ɗauki tafsiri ta ɗauko maka abin da ya gabace shi ko wanda ya biyo baya. Kanta ɗaya ne, wato idan tana ɗauka ba ka da damar yawo a sauran tashoshi sai 'yan kaɗan da suke layi ɗaya da wadda ake ɗauka, abin da yakan haɗa ni da yara. Idan hadari ya taso sigina ta yanke, gurbin yana nan a cikin rikodin ɗin. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗauka, sau da yawa abin da ya shiga yana kunnuwa, amma wani lokaci fayil ɗin yakan fito babu komai a ciki, shi ya sa na mayar da ita kan batirin sola kai tsaye. Menu ɗinta da Turanci da Larabci da Faransanci ne, babu Hausa, kuma ba shi da tsari mai kyau kamar na ta biyan wata. Ƙwallon Turai da ƙanena yake so kuwa babu ita a nan, wannan sai ta biyan wata, a falo, a kan talabijin.

Yanzu duka biyun suna gidan, kowace da aikinta. Ga mai son ya jinkirta kallon wasa ko fim zuwa dare a talabijin ɗinsa, ta biyan wata ta isa. Ga mai son ya tara karatu da wa'azi ya ajiye shekara da shekaru, ko ya kai wa tsoho ɗaki, ko malamin da zai nuna wa ɗalibai wani shiri a aji, ta kyauta zai nema. Kada kuma a ɗauka duk abin da ba shi da kati a buɗe yake ajiyewa. Akwai talabijin na zamani masu ɗaukar shiri a filashi waɗanda su ma suke ɗaure rikodin ɗin da talabijin ɗin da ya ɗauka, ko da tashar ta kyauta ce.

Saboda haka idan za ka Kano ko Dutse sayayya, tafi da filashinka da laftof, ko waya mai VLC da 'yar wayar OTG, wadda ake haɗa filashi da waya da ita. Yawancin masu sayar da dikoda suna da kwano a kafe a saman shago don gwaji. Ka ce a ɗaukar maka minti biyu na tashar da kake so, ita ɗin dai ba wata ba, a zare filashin a gabanka, ka kunna a na'urarka. Idan hoto da sauti sun fito, sai a yi ciniki.