Sharhi: na'urar auna danshin ƙasa a baƙar lakar filayen Accra

Rani ɗaya da damina ɗaya na yi ina aiki da na'urar auna danshi mai tsinke uku, wadda ake cakawa a ƙasa, a lambunan wajen Ashaiman, kusa da Accra a ƙasar Ghana. Ta ci kuɗinta, amma a ƙasar laka kada ku gaskata lissafin da aka saka mata tun daga masana'anta.

Ba ruwan take aunawa kai tsaye ba. Igiyar lantarki, wato sigina, take saki mai kai da komo sau miliyan 70 a daƙiƙa, ta duba yadda ƙasa ta amsa. A ma'aunin wannan amsa iska 1 ce, busasshiyar ƙasa 3 zuwa 5, ruwa kuwa wajen 80. A rairayi lissafin na tafiya daidai. Laka ce mai gardama, musamman baƙar nan ta wajen garin Akuse da ke kumbura da damina ta tsage da rani. Ƙwayoyinta na riƙe ruwa gam a jikinsu, ruwan da aka ɗaure haka kuma ba ya iya juyawa ya bi igiyar, don haka na'urar ba ta ganinsa sosai, sai ta nuna ƙasa da abin da ke akwai. Bayan an zuba takin zamani kuma gishirinsa ya sa lambar ta haura, alhali ba a ƙara ko ɗigo ba.

Maganin shi ne ku saita ta da ƙasarku. A ɗebo daga zurfin saiwa, a shanya, a daka, a tankaɗe da rariya mai ido milimita 2. A danna a bokiti kamar yadda take a lambu, a riƙa ƙara ruwa mililita 100 ga kowace lita ta ƙasa. A cuɗa, a rufe, ta kwana. Laka ba ta shan ruwa da gaggawa, a nan mutane da yawa ke kuskure. Da safe a caka na'urar a bokitin a rubuta lambar da ta nuna, a yanki samfur mai sanannen girma a auna nauyinsa, a busar a zafi digiri 105 na ma'aunin Celsius na awa 24, a sake aunawa. Kowane giram da ya ragu mililita ɗaya ne na ruwa; da shi za a gwada lambar na'urar a san ainihin danshin da take nufi a ƙasarku.

Abin da ya fi damuna tsagewar ƙasa da hunturu. Da iska ta shiga tsakanin tsinke da laka, lamba ta faɗi warwas. A zare, a sake cakawa a miƙe inda bai tsage ba, ba tare da girgizawa ba.