Asibitin da ya hana ƙanwata ƙwayar kawo jini

Wata bakwai muka yi muna zirga-zirga tsakanin gidanmu da wani ƙaramin asibitin kuɗi a nan Damagaram, ni da ƙanwata, kafin al'adarta ta dawo. Na ga ya dace in rubuta abin da na gani na aikin wurin, mai kyau da marar kyau, domin na tabbata ba gidanmu kaɗai ake da yarinyar da ta ƙaurace wa abinci har jininta ya ɗauke ba, ana ta yawo da ita inda ba nan ciwon yake ba. Ba zan ambaci sunan asibitin ba, saboda wurin ƙarami ne, garin nan kuma duk girmansa an san juna, alhali yarinyar tana da sauran rayuwa a gabanta.

Tana da shekara 18, tana ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, tana shirin jarrabawar kammalawa ta BAC, lokacin da abin ya bayyana. Da farko ta daina cin tuwon dare da sunan karatu, daga baya ta bar fura, ta bar duk abin da aka soya, ta koma ruwan zafi da lemun tsami da safe, ta kuma lazimci azumin Litinin da Alhamis, wanda babu mai iya hana ta tunda ibada ce. A garin da ake yabon mace da cikar jiki, inda 'yan mata ke sayen ƙwayoyin ƙiba a hannun masu tallar magani, babu wanda zai kawo a ransa cewa yarinya za ta ƙi abinci don tsoron ƙiba. Tamowa kuwa mun san ta, amma ga jarirai muka san ta, a gidajen da hatsi ya ƙare, ba ga budurwa a gidan da ake ɗora tukunya sau uku ba. Shi ya sa da ta shaida wa Innarmu cewa wata takwas ke nan ba ta ga wanki ba, hankalin gida ya tafi wurare uku: ko ciki ne, ko ciwon sanyi, ko kuma hannun mutane. An sha jiƙe-jiƙe, an yi hayaƙi, an yi tofi. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne ganinta da rigar sanyi a tsakiyar watan Afrilu, lokacin da kowa ke neman inuwa, tafin hannunta kamar an tsamo shi daga randa.

Ranar farko ban ji daɗin wurin ba, kuma har yau ina kan bakana. Ɗakin jira guda ɗaya ne, benci biyu suna fuskantar juna, kusan duk waɗanda ke zaune masu awon ciki ne. Budurwar da ba ta da aure ta zauna a tsakiyarsu, ga yayarta a gefe fuska ba walwala, ba sai an faɗa wa kowa abin da idanu ke tambaya ba. Mai karɓar kuɗi kuma, maimakon ta sassauta murya, sai ta tambaye mu daga bayan teburinta abin da ya kawo mu, da muka faɗa ta maimaita da ƙarfi don ta rubuta. Ƙanwata ta ja mayafi ta rufe fuska, ta raɗa mini cewa: "Yaya, don Allah mu tashi mu tafi." Da na biye mata da labarin ya ƙare a nan. An ba mu ƙarfe tara, ba mu shiga ba sai wajen sha ɗaya da rabi, kuma wannan jinkiri bai canza ba har zuwanmu na ƙarshe.

Abin da ya riƙe mu shi ne likitar. Mace ce mai matsakaicin shekaru, ba ta da yawan fara'a, amma ba ta gaggawa. Ta nemi in fita ta gana da yarinyar ita kaɗai kusan minti ashirin, abin da ya sosa mini rai a lokacin, daga baya na gane cewa a wannan ganawar ce ƙanwata ta fara faɗin abin da ta ɓoye mana shekara guda. Ta sa aka yi gwajin ciki, ta kuma bayyana a gabanmu cewa ƙa'ida ce ga duk macen da al'adarta ta ɗauke, ba zargi ba ne. Sannan ta rubuta awon jini na sinadarin prolaktin, wanda yawansa ke tsayar da haila, da na tayiroyid, wata halitta da ke wuya, da na sinadaran da ke motsa ƙwan mace, da ekografi, wato hoton ciki, don a duba mahaifa da ma'ajiyar ƙwai. Ta auna bugun zuciya ta ce ya yi ƙasa, ta kuma nuna mini wani lallausan gashi da ya tsiro a damatsan yarinyar, irin wanda jiki ke fitarwa idan kitsen da ke tare sanyi ya ƙare. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ban taɓa lura da shi ba.

Da sakamako ya fito, ta ɗauki bayan takardar magani ta zana mana yadda abin yake. Ta ce mahaifar lafiyarta ƙalau, umarni ne ya daina zuwa mata daga sama. Akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa da ake kira hipotalamus, shi ne ke aika saƙo lokaci-lokaci zuwa wata 'yar halitta da ke ƙarƙashinsa, ita kuma ta saki sinadaran da ke sa ƙwai ya nuna, a samu estrojin, wato sinadarin jikin mace, bangon mahaifa ya yi kauri ya zube a matsayin haila. Idan abin da ke shiga ciki bai kai abin da jiki ke ƙonawa ba, ƙwaƙwalwa takan ɗauka fari aka shiga, sai ta dakatar da wannan saƙon, kamar magidancin da ya leƙa rumbu ya ga ya yi ƙasa, ya ɗage bikin da ya shirya don a samu na ci. Ta kira ciwon da sunansa, anoreksiya, ta ce ba iskanci ba ne kuma ba taurin kai ba ne, ciwo ne da ke iya kisa. Ta ƙara da cewa ba sai mace ta rame sosai al'ada ke ɗaukewa ta wannan hanya ba. Mai yawan motsa jiki da ba ta cin abin da ya ishe ta, da mai fama da damuwa, duk suna iya shiga ciki ko da jikinsu bai nuna ba.

A nan ne Innarmu, wadda ta raka mu a zuwa na biyu, ta roƙi abin da kowace uwa za ta roƙa. Ta ce: "Likita, ki taimaka ki rubuta mata ƙwayar da za ta kawo jinin, sauran ma gyara a gida." Likitar ta amsa da cewa: "Hajiya, ƙwayar tana nan, kuma idan na ba ta za ki ga jini kafin wata ya ƙare, amma ba nata ba ne, na ƙwayar ne." Wannan ƙin da ta yi shi ne babban dalilin da ya sa nake yaba wurin, domin asibitin kuɗi ne, kuma sallamar mu da ƙwaya ta fi mata sauƙi, mu ma da mun tafi muna godiya. Jinin da ke zuwa a makon hutun ƙwayoyin tazarar haihuwa ba ya nuna cewa ƙwaƙwalwa ta koma aika saƙonta, illa ma ya ɓoye alama guda da ake da ita ta sanin ko jiki ya farfaɗo, ya kuma ba marar lafiya hujjar cewa ta warke. Daga baya na karanta cewa ƙungiyar likitocin sinadaran jiki ta Endocrine Society, a ƙa'idojin da ta fitar a 2017, ta ba da shawarar kada a ba da waɗannan ƙwayoyi don kawai a dawo da haila ko a ƙarfafa ƙashi ga masu irin wannan matsala. Batun ƙashin ma shi ne ya fi damun likitar, saboda estrojin ne ke kare shi, kuma yawancin ƙwarin da ƙashin mutum zai samu a rayuwa yana taruwa ne daga balaga zuwa farkon shekaru ashirin, daidai lokacin da ƙanwata ke zaune ba haila. Ta faɗa mana gaskiya cewa ba su da na'urar auna ƙwarin ƙashi.

Maganin da aka rubuta mata abinci ne, kuma a nan aikin nasu ya fara da tuntuɓe. Mai ba da shawara kan abinci sau ɗaya take zuwa a mako, takardar farko da ta miƙo mana kuwa da Faransanci take, cike da tuffa da cukun kanti da wasu abubuwan da sai an shiga manyan shaguna, kamar ba don gidan Bahaushe aka rubuta ba. Da na nuna mata haka ba ta yi musu ba, ta zauna da ni muka sake ta layi-layi: kunun gyaɗa da safe, ƙwai da burodi da hantsi, shinkafa da wake da mai da rana, fura da nono da la'asar, tuwon gero da miya mai nama da dare, sannan dabino da madara kafin barci. Dambun zogale da ƙuli-ƙuli, da cuku irin na Abzin, da hanta sau ɗaya a mako, duk suka shiga, kuma babu abin da ba a samu a Kasuwar Dole. Ci uku ne da ƙari uku, kada a wuce awa uku ko huɗu ciki ba komai. Ta gargaɗe mu kada mu ɗura mata abinci lokaci guda, domin jikin da ya daɗe cikin yunwa idan aka cika shi farat ɗaya sinadarin fosfat na iya faɗuwa a jini har ya taɓa zuciya, shi ya sa aka sake awon jini a makonnin farko. An dakatar da azumin nafila da tsalle-tsallen da take yi a ɓoye bayan asuba, aka kuma ce batun Ramadan mai zuwa sai an zauna da likita da malami, tunda marar lafiya an yi masa rangwame.

Wani ƙaramin abu da ya burge ni shi ne yadda suke awon nauyi. Ma'aikaciyar jinya takan sa ta hau sikeli da baya, fuskarta na kallon ƙofa, ta rubuta lambar ta rufe littafi ba tare da ta furta ba. Sau ɗaya wata sabuwar ma'aikaciya ta manta ta karanta a fili, har da cewa masha Allah an yi ƙiba, kuma wannan kalma guda ta jawo mana kwana huɗu ana kuka a kan kwanon tuwo. Da na kai ƙorafi likitar ta ba da haƙuri, ba a kuma sake ba.

Babban giɓin da ke wurin shi ne ba su da masanin halayyar ɗan Adam. Ciwon a zuciya da tunani yake, abinci yana gyara jiki ne kawai, likitar ma ta faɗi haka da bakinta ta rubuta mana takardar zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin gwamnati. Sai da muka yi wata biyu muna lallashi kafin yarinyar ta yarda ta je, saboda sunan da mutanen gari ke kiran irin wannan sashe da shi. A tsakanin nan ni ce ke zama da ita a kan kowane ci, ba tare da an koya mini abin da zan ce ba idan ta ture kwano. Asibitin da ke karɓar jika biyar a kowane ganin likita, ban da kuɗin awo da na ekografi waɗanda suka ninka haka sau da yawa a watan farko, ya kamata a ce ya tanadi ko da zama ɗaya na koya wa iyali yadda ake wannan aiki.

Jiran ne ya fi komai wuya. A wata na biyar jikinta ya dawo kusan yadda muka san shi, ta ajiye rigar sanyi, gashinta ya rage zuba, amma al'ada shiru, har Inna ta fara maganar komawa wurin mai magani. Likitar ba ta yanke mana rana ba, sai dai ta ce haila takan yi jinkiri bayan nauyi ya dawo, kuma sau da yawa sai an ɗan haura nauyin da aka rasa ta a kansa. Wannan ya dace da wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1997, wanda ya gano cewa kashi 86 cikin 100 na 'yan matan da suka kai kusan kashi 90 na nauyin da ya dace da su sun ga al'adarsu cikin wata shida, kuma a nauyin da ya ɗara wanda ta ɗauke a kansa da kimanin kilo 2. Ta koya wa ƙanwata alamomin da kan riga jinin zuwa, wato nauyin ƙirji, da farin ruwa mai yauƙi, da ƙurajen fuska, ta kuma yi mini wata magana da ta ce in isar wa matan aure: ƙwai na iya fita kafin jinin farko, saboda haka mace na iya ɗaukar ciki alhali tana ganin al'adarta ba ta dawo ba.

Da sanyin hunturu ya fara shigowa, wata safiya ta tashe ni kafin kiran salla ta ce: "Yaya, ba zan yi salla ba yau." Kwana uku ya yi, kaɗan-kaɗan. Da muka kai labari, likitar ta yi mata barka amma ba ta sallame mu ba. Ta ce sai an ga uku a jere kafin a fara maganar komawa motsa jiki, ba za a rage ko loma ɗaya daga abincin ba, kuma zuwan jini ba ya nufin tunanin ya warke. Na biyun ya yi jinkiri har kwana arba'in, abin da ta riga ta ce mana yana faruwa a farko. Yanzu na uku muke jira, an kuma ba mu ranar komawa bayan mako biyu, da ƙarfe tara kamar kullum, don haka zan tafi da goran fura da dabino saboda kada ƙarin hantsi ya wuce ta a kan benci.