Gargaɗi: mai sayar da bulok ɗin tsere "daga Italiya" ya ci kuɗin ƙanena, ya kashe masa inji

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman samarin da ke son ƙara wa ƙananan baburansu gudu. Na daɗe ina jan ƙafa kan wannan rubutu saboda kunyar ƙanena, sai shi da kansa ya ce in faɗa, kada wani ya sake faɗawa hannun mutumin nan.

Ina zaune a arewacin Italiya, kusa da Bergamo, ina aiki a garejin gyaran babura. Kamfanin Polini yana nan Alzano Lombardo, ba nisa da mu. Malossi kuma yana Calderara di Reno, gefen Bologna. Waɗannan su ne manyan sunaye a harkar haɗa injin tu-sitirok na tsere, wato injin da ke shan fetur haɗe da mai, kuma kowannensu yana da gasar da ake yi da sunansa a filayen tsere da aka killace. Ba su da laifin komai a wannan labari. Sunansu ɓarawo ya ara ya yafa.

Ƙanena yana gida, yana da babur Yamaha Jog na hannu, mai siisii 50 (siisii shi ne ma'aunin girman inji). Wani ya saka shi a wani zaure na WhatsApp inda wannan mutum ke tallar kaya. Bahaushe ne, ko dai ya iya Hausa kamar jakin Kano. Da sallama yake farawa, da rantsuwa yake rufewa. Ya ce yana Italiya, yana da ɗan uwa a cikin masana'anta da ke fito masa da "rarar kaya" a kan araha. Ya tura hotunan kwalaye ja da rawaya an jera su a ƙasa, da bidiyon wani babur yana tashi sama da ƙafar gaba. Alkawarinsa guda ne: ka ɗaura bulok ɗinsa (wato silindar da fistin ke hawa da sauka a cikinta) mai siisii 70, babur ɗinka zai bar kowa a baya, ba sai ka taɓa komai ba.

Yaron ya tura rabin kuɗi. Bayan mako biyu aka ce kaya sun iso Legas amma kwastan sun riƙe, sai an ƙaro. Ya ƙara. Aka ce kuɗin mota zuwa Arewa, ya ƙara. Duk wannan bai gaya mini ba, yana so in dawo hutu in tarar da abin mamaki. Asusun da yake tura kuɗin na gida ne, kuma sunan da ke kansa dabam da sunan mai tallar. Da ya tambaya aka ce na matarsa ne.

Wasu a zauren ba su ga ko kwali ba, ana gama karɓar kuɗinsu aka toshe lambarsu. Ƙanena kaya sun zo masa, kuma zuwan nasu ya fi rashin zuwan ciwo. Ya kai wa bakanike aka ɗaura, babur ya ɗauka da ƙara mai daɗin ji. Kwana na uku yana cikin gudu inji ya kama, tayar baya ta ja ƙasa, ya faɗi. Allah ya tsare, gwiwa da gwiwar hannu ne kawai suka kuje. Da mota na binsa a baya, da yanzu wani zancen ake yi.

Da na je gida bayan Sallah ya ɗauko mini kayan a cikin buhu, kansa a ƙasa. Ya ce, "Yaya, ka duba min, ko bakaniken ne ya yi kuskure." Na zazzage su a kan tabarma. Fistin ɗin ya yi zane-zane daga sama har ƙasa, alminiyon ya narke ya manne a bangon bulok. Na zura yatsa cikin ramin da hayaƙi ke fita, bakinsa ya yanke ni. A bulok na gaskiya ana goge bakin waɗannan ramuka su yi laushi, don ringi ya wuce ba tare da ya sarƙe ba. Wannan kuwa yadda ya fito daga zubi haka aka sa shi a kwali, har da ɓurɓushin yashi a lungunan da mai ke bi. An ce masa bulok ɗin alminiyon ne mai rufin Nikasil, wato wani siririn shafe mai tauri na nikel da silikon kabaid da ake yi wa cikin bulok na tsere. Na karɓi maganaɗisu na kai ciki, ya manne ƙam. Bututun ƙarfe ne aka cusa a ciki, ga layin haɗinsa ana gani a gindi. Tambarin kamfani ma fenti ne, na kankare shi da farce.

Kafireton da ya haɗo masa an rubuta Dell'Orto a jikinsa, sunan wani kamfanin kafireto na Italiya. Na kwance jet ɗin, wato ɗan ƙarfe mai rami da ke auna fetur ɗin da zai shiga inji, na gwada da na gaskiya mai lamba iri ɗaya da na zo da shi, ramin na jabun ya fi ƙanƙanta, ido ma yana gani. Wannan kaɗai ya isa ya kashe inji. A tu-sitirok, fetur ɗin da ke shiga shi ne ke ɗauke da man da ke shafe fistin, shi ne kuma ke sanyaya shi. Idan jet ya yi ƙanƙanta, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, sai zafi ya hau, fistin ya kumbura ya kama, ko ya huje a tsakiya. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, dab da mutuwarsa injin ya fi kowane lokaci kuzari. Fulogin ma ban yarda da shi ba, domin kamfanin NGK mai ƙera fulogi da kansa ya sha jan kunnen jama'a kan na jabu da ke yawo da sunansa.

Amma ko da kayan nan na gaskiya ne, maganar mutumin ƙarya ce tun daga tushe, kuma nan nake so samari su tsaya su fahimta. Injin Jog irin na ƙanena shi ne wanda ake kira Minarelli, da sunan wani kamfanin injuna na Italiya. Faɗin fistinsa milimita 40, tafiyarsa sama da ƙasa milimita 39.2. Bulok ɗin da ake kira na siisii 70 faɗinsa milimita 47 ne ko 47.6. Akwai na ƙarfe na hawan yau da kullum, wanda ke ƙara ƙarfi daidai gwargwado kuma yana daɗewa. Akwai na tsere, wanda ba ya nuna ƙarfinsa sai inji ya haura juyi 12,000 a minti. Kuranshaf ɗin da babur ya zo da shi daga kamfani ba a yi shi don wannan juyi ba, boris ɗinsa zai watse. Dole a canza shi. Dole a sa salansa mai tumbi wadda aka auna ta da wannan bulok, domin a tu-sitirok salansa ce ke mayar da man da ya tsere cikin inji a daidai lokacin da ake bukata, kuma babban kaso na ƙarfin daga gare ta yake. Dole kafireto ya girma zuwa milimita 19 ko 21, a zauna a daidaita jet ana duba launin fulogi har ya yi ruwan ƙasa. Dole a sake nauyin rola da sifirin ɗin kuloci, in ba haka ba inji ba zai taɓa kaiwa inda ƙarfinsa yake ba. Sannan a auna tazarar da ke tsakanin kan fistin da murfin bulok da wayar dalma, a gyara ta da gaskit, tazarar da ba ta kai milimita 1 ba. Mu a gareji muna iya kwashe yini guda a kan awo kaɗai. Bulok na tsere na gaskiya shi kaɗai Yuro ɗaruruwa ne, kafin a zo kan sauran. Wanda ya ce maka zai ba ka duka a kuɗin taya biyu, ka san abin da ke cikin kwalinsa.

Na karanta hirarsu da ƙanena daga farko har ƙarshe, abin da ya fi ba ni haushi shi ne ko sau ɗaya bai tambaye shi wane inji gare shi ba. Duk mai sayar da kayan nan na gaskiya, kafin ya faɗi farashi sai ya tambaya: Minarelli ne ko Piaggio? A kwance yake ko a tsaye? Iska ke sanyaya shi ko ruwa? Fin ɗin fistin milimita 10 ne ko 12? In bai yi maka waɗannan tambayoyi ba, bai damu kayan su shiga injinka ba, kuɗinka kawai yake hange.

Kai ma ka tambaye shi. Ka ce ya ba ka lambar kayan da ke jikin kwali, ka shiga shafin kamfanin ka duba ko lambar ta dace da babur ɗinka, domin Malossi da Polini duk suna da kundin kayansu a intanet. Ka ce ya turo rasiɗin shagon da ya saya. Duk halastaccen shago a Italiya yana da lambar haraji da ake kira partita IVA, mai lambobi 11, kuma tana kan rasiɗi. Ka ce ya kira ka ta bidiyo ya buɗe kwalin a gabanka, ya juya bulok ɗin ka ga cikinsa. Zancen "rarar masana'anta" kuwa, shekarun da na yi a wannan aiki ban taɓa ganin kaya sun fito ta wannan hanya ba. In da gaske ne ma, kayan sata ne yake tallata maka.

Ina roƙon ku kuma, don Allah, injin tsere ba na titi ba ne. A nan da hular kwano da rigar fata ake hawansa, a fili killatacce, kuma ana kwance shi a duba ringi akai-akai. Birkin Jog da tayarsa ba a yi su don wannan gudu ba. Na faɗa wa ƙanena haka a gaban mahaifiyarmu.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya goge hirar don kunya. Ka ɗauki hoton komai, da lambar asusun da rasiɗin tura kuɗin, ka kai ƙorafi bankinka da wuri, ka kai wa 'yan sanda ko EFCC. Mun kai namu, muna jira. Ban ambaci suna ko lamba a nan ba domin yana canza su kamar riga, kuma asusun da yake amfani da shi wataƙila na wani bawan Allah ne da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Makon jiya wani ya turo mini talla daga sabon shafi a Facebook, da sabon suna da sabuwar lamba. Hotunan nan ne dai: kwalaye a jere a kan tayil mai ruwan toka, gefen kwali ɗaya a yage, da bidiyon babur ɗin da ke ɗaga ƙafar gaba. Yanzu ya ƙara da cewa kaya saura 5, wanda ya riga biya shi ke samu. In kun ci karo da shi a zaurenku, ku tura wa mai kula da zauren wannan rubutu.