Saƙon hasashen damina a waya: abin da na gani a gonata ta Mirriya

Ɗana ne ya sa lambata a shirin turo hasashen damina ta waya, ni da ban yarda da komai ba sai idona da ƙamshin ƙasa. Saƙon murya ne da Hausa. Yana shigowa a bazara, ya ce ko damina za ta sauka da wuri ko za ta makara, daga baya a riƙa turo gajeru na 'yan kwanaki.

A kan babban hasashen ba ni da ƙorafi. Bara sun ce a yi hattara da ɗaukewar ruwa bayan shuka. Na ɓoye tiya biyu ta irin hatsi, kuma su suka fisshe ni da shukar farko ta ƙone.

Inda shirin ke tuntuɓe shi ne ƙasa. Hasashen damina, har wanda masana ke fitarwa kowace shekara tare da AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi da noma ta Yamai, galibi a kan ɗumin ruwan teku yake dogara. To teku ina ya san jigawa da fadama? Binciken da ya biyo bayan aikin nazarin damina mai suna AMMA na 2006 a Sahel ya nuna hadarin la'asar ya fi tasowa a kan busasshiyar ƙasa mai maƙwabtaka da jiƙaƙƙiya. Busasshiyar ta ɗau zafi, iskarta ta hau sama, mai laimar ta kwararo ta maye gurbinta. Wataƙila shi ne dalilin da wata rana saƙo ya ce ruwa, aka tafka shi a garin Dogo, mu ko ɗigo.

Jigawata kwana biyu samanta ya bushe. Ƙarƙashin gawo kuwa, inda ganye da kashin dabbobi suka ruɓe, sai ka tona ka tarar da sanyi. Tun 1975 wani masani, Charney, ya ce ƙasa tsirara tana mayar da hasken rana sama, ruwa ya ragu. Mu da muka bar gawo ya sake tsirowa daga Mirriya har Magarya da Matamaye, wannan magana ta shafe mu, amma saƙon bai taɓa ambatar itace ko ciyawa ba. Alhali tun 2015 tauraron ɗan Adam mai suna SMAP yana auna laimar saman ƙasa, wajen santimita 5.

Bana ma na sabunta rajistata a shirin, don ya cancanci kuɗinsa. Sai dai ranar shuka, kafin in kira yara, nakan durƙusa in zura hannu. In laima ba ta kai taƙi ba, iri na nan a buhu.