Tsarabar Tokyo: abin da za a saya a Solamachi da abin da za a bari sai Asakusa

A gindin hasumiyar Tokyo Skytree, mai tsawon mita 634, akwai rukunin shagunan da ake kira Solamachi. An buɗe su tare da hasumiyar a watan Mayun 2012, kuma shaguna da gidajen abincin da ke ciki sun haura 300. Jirgin ƙasa na sauke mutum a tashar Oshiage, daga nan ya shige ginin kai tsaye. Wanda bai da lokaci zai iya haɗa tsarabarsa duka a nan. Sai dai ba komai ne ya fi dacewa a saya a wurin ba, domin tsallaken kogin Sumida akwai unguwar Asakusa, tafiyar kamar minti 20 a ƙafa, inda wasu kayan suka fi araha.

Kayan zaƙi su ne suka fi bukatar natsuwa. Mutanen Japan ba sa dawowa daga tafiya hannu rabbana, shi ya sa ake sayar da alewa da biskit cikin kwalaye masu kyau, kowane ɗaya da ledarsa, don a raba wa abokan aiki da maƙwabta. Wannan ya yi daidai da gidan yawa. Amma kafin ka ɗauki kwali, juya bayansa. Da yawa daga cikin kek masu kirim a ciki ana sa musu giya kaɗan don ƙamshi, wasu kuma akwai jelatin wanda sau da yawa daga alade ake samo shi. Haruffa biyu ya kamata a fara haddacewa: 豚 alade ne, 酒 kuma giya. Jelatin ana rubuta shi ゼラチン, kitsen alade kuma ラード. Manhajar fassara ta waya tana karanta rubutun idan ka haska mata kyamara, kuma masu shago ba sa jin haushi idan ka tsaya kana dubawa.

Bayan halacci sai daɗewa. Babu jirgin da ke tashi daga Tokyo ya sauka Abuja ko Kano ko Yamai kai tsaye. Sai an yada zango a Doha ko Istanbul ko Addis Ababa, sannan kayan su shiga zafin gida. Tokyo Banana, kek ɗin da ya yi suna tun 1991, kwanakinsa ba su wuce mako guda da 'yan kai ba, ga taushi, nauyin akwati zai matse shi. KitKat mai ɗanɗanon koren shayi yara na sonsa, amma cakulan ne, ya kwana a bayan mota a watan Afrilu ya narke ke nan. Ni abin da nake ba da shawara shi ne yokan: jan wake ne da suga da wani abu mai daskarar da shi da ake samu daga ciyawar teku, babu kayan dabba a asalin haɗinsa, kuma wanda aka rufe da kyau yana yin watanni bai lalace ba. Sai konpeito, 'yan ƙananan alewar suga masu launi da ƙahonni, waɗanda Turawan Fotigal suka kai Japan a ƙarni na 16. Ba sa narkewa, ba sa nauyi. Akwai kuma kaminari-okoshi na Asakusa, gasasshiyar shinkafa da aka ɗaure da suga, wani lokaci da gyaɗa, mai ƙaras-ƙaras irin na kantu. Dattawa ma za su ci su ji daɗi. Senbei, wato busasshen biskit ɗin shinkafa, shi ma yana daɗewa, sai dai miyar waken suyar da ake shafa masa takan zo da giya, don haka a duba shi kamar sauran.

A ina za a saye su? Kwalin da za a kai wa surukai ko maigida a wurin aiki, Solamachi ne wurinsa, saboda naɗin kaɗai abin kallo ne. Na rabon yaran unguwa kuwa, a tafi kantin Don Quijote na Asakusa, wanda ba ya rufewa dare da rana, a sayi manyan ledoji da rangwame. Layin Nakamise, mai tsawon kamar mita 250 da ke kaiwa wurin ibadar Sensoji, ya fi daɗi ga wanda zai ci da zafinsa a nan take, amma cunkoso ba zai bar ka ka karanta bayan kwali a tsanake ba.

Tufafi kuwa ban ga dalilin ɓata musu lokaci mai yawa ba. Ɗinkin Japan ƙanana ne. Babbar rigarsu takan zo daidai da matsakaiciyar da aka saba da ita, hannu da ƙafar wando kuma gajeru. Kada ka saya wa kowa riga da ka. Takalmi da santimita ake auna shi, don haka a auno ƙafar yaro tun daga gida. Abin da ya cancanci kuɗinsa shi ne 'yan ciki na kamfanin tufafi na Uniqlo: AIRism mai shan gumi don a sa ƙarƙashin kaftani ko abaya, da Heattech don sanyin hunturu. A ɗakin gwaji ana cire takalmi, mata kuma akan ba su wani siririn mayafi su rufe fuska kada kwalliya ta ɓata rigar.

Inda Solamachi ya fi ƙarfi shi ne hawa na huɗu (su daga ƙasa suke fara ƙirga na ɗaya), inda aka tara kayan hannu na ƙasar. Furoshiki ƙyalle ne mai kusurwa huɗu da suke naɗe kaya da shi. Mai faɗin santimita 90 zuwa 100 zai yi ɗankwali sosai, kuma goma ba za su cika lungun akwati ba. A tambaya ko auduga ne ko roba. Tenugui siririn tawul ne na auduga mai zane, bakinsa ba a kalmashe yake ba, haka ake yinsa, ba aibi ba ne. Mafici mai naɗewa, na gora da takarda ko siliki, kyauta ce da uwa ko goggo za ta yi amfani da ita kullum. Tawul ɗin Imabari yana da tambarinsa, kuma yana shan ruwa fiye da yadda ake zato. Mai hali ya duba kofunan Edo kiriko, gilashi mai launi da ake sassaƙawa da hannu, sana'ar da har yanzu ake yi a gundumar Sumida, inda hasumiyar take. Suna da tsada, kuma jakar hannu ce mazauninsu har gida. Ƙananan abubuwa irin su biro, akaifa da tsinken cin abinci kuwa, kantin Daiso na sayar da yawancinsu a kan yen 110 har da haraji.

Abu biyu zan ce a bari. Kayan lantarkin da aka yi don cikin gida a Japan kan wuta mai ƙarfin volt 100 suke aiki, tamu kuwa 230 ce. Tukunyar shinkafa ko na'urar busar da gashi za ta ƙone, sai fa wadda aka rubuta an yi ta don ƙasashen waje. Na biyu, 'yan jakunkunan nan masu ado da ake kira omamori layu ne na wuraren bautarsu, ba mariƙin makulli ba ne, gara mutum ya san abin da yake kaiwa gida.

Ba a ciniki a ko'ina cikin waɗannan shaguna, kuɗin da ke jikin kaya shi ne kuɗinsa. Ragin da baƙo ke samu na haraji ne: kashi 10 cikin ɗari a kan kaya, kashi 8 a kan abinci. Sharaɗin shi ne a kashe aƙalla yen 5,000 a rana ɗaya a shagon da ke cikin tsarin, a kuma nuna fasfo na ainihi, ba hotonsa ba. Daga 1 ga Nuwamban 2026 tsarin shi ne biyan kuɗi cikakke a shago, sai jami'an kwastam sun tabbatar da kayan a filin jirgi sannan a mayar da harajin. Saboda haka a adana rasit, a ajiye tsarabar inda hannu zai kai gare ta da sauƙi, a kuma isa filin jirgin Narita ko Haneda da wuri.