Makullin SSH ya ƙi buɗewa: a gyara izini ko a kashe StrictModes?

Makullinka na SSH, hanyar shiga sabar daga nesa, daidai yake, amma sabar ta ƙi ka, sai kalmar sirri take nema. Sau da yawa wani ne ya yi chmod 777, umarnin da ke ba kowa izinin rubutu, a kan babban fayil ɗin gida (home directory). OpenSSH, manhajar da ke kula da shigar, ba ya yarda da authorized_keys, fayil ɗin makullan da aka amince da su, idan wani ban da mai shi ko root (babban mai kula da sabar) zai iya rubutu a cikinsa, ko a .ssh inda yake, ko a gidan kansa; wannan binciken shi ne StrictModes. A Ubuntu leƙa /var/log/auth.log, a Red Hat kuma /var/log/secure, za ka ga ƙorafin a rubuce.

Hanya ta farko: chmod 700 ga .ssh, 600 ga authorized_keys, chmod go-w ga gidan, sannan chown, mai sauya mamallakin fayil, idan root ne ya kwafo fayil ɗin ya zama nasa. Ba sai an sake tayar da sshd, shirin SSH da ke aiki a sabar, ba, nan take ƙofa ta buɗe.

Ta biyu: rubuta StrictModes no a sshd_config, fayil ɗin saitin sshd, ka sake tayar da sshd. Tana aiki, ba musu. Sai dai binciken ka kashe wa kowa a sabar, izinin kuma yana nan a lalace, duk mai asusu zai iya cusa makullinsa ya shiga da sunanka. Ni ta farkon nake bi. Kada dai ka rufe tagar da kake ciki sai ka gwada shiga ta wata.